Telan da Ya Koma Ciyar da Gara

Shekara talatin da ɗoriya Tela ya yi a shago ɗaya, ƙarƙashin benen wani mai sayar da fenti, kuma a tsawon wannan lokaci abokiyar gabarsa ɗaya ce tak: gara. Ta cinye masa ƙafar teburin yanka, ta cinye katakon da yake jera zare, ta taɓa shiga yadin wata mata ta yi masa ado irin nata. Shi ya sa kullum akwai gwangwanin garin maganin ƙwari a bayan keken ɗinkinsa. Ko gidan mutane ya je, in ya hango hanyar gara a bango, sai ya tashi ya murje ta da takalmi kafin a gama gaisawa.

Da ido ya fara yi masa gardama, zura zare a allura ya koma aikin rabin awa, sai ya rufe shago ya ce noma zai yi. Gonar da mahaifinsu ya bar musu, shi da yayansa, ta daɗe da zama fako. Ƙasar ta yi tauri kamar daɓen siminti, in an yi ruwa sai ya bi ta kanta ya wuce. Yayan, wani dogon mutum mai son doguwar hula, ya riga ya gama magana da mai buga bulo, wanda zai kawo tifa ya kwashe ƙasar. Tela ya roƙi damina ɗaya. Yayan ya yi dariya ya ce ya ba shi, amma da sharaɗi: in dawa ta wuce saman hularsa, gona ta zauna, in ba ta kai ba, tifa ta shigo.

Hular kuwa Tela ne ya ɗinka ta da hannunsa. Matarsa ta ce da ya san inda za ta kai shi, da ya rage mata inci biyu.

Dabarar da ya dogara da ita wata malamar gona ce ta ba shi, ranar da ta zo karɓar ɗinkinta na ƙarshe. Ta ɗauki allinsa ta zana masa a kan teburi: a haƙa ramuka tun da rani, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki da busasshiyar ciyawa a kowane rami, a jira ruwan fari a shuka a ciki. Mai babur yana ta yi mata hon a waje, ta fita da sauri. Ashe akwai sauran magana.

Tela ya yi aikin nan da tef a wuya. Kowane rami faɗinsa ɗaya, zurfinsa ɗaya, tsakanin wannan da wancan ba a ƙara ko ɗan yatsa ba. Da matarsa ta kawo masa abinci ta tsaya ta duba, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin gona mai gidan maɓalli ba.

Bayan mako biyu ya ɗaga ciyawar wani rami don ya ga yadda takin yake, sai ga gara fal, ta yi gini, tana ta hidima.

“Har nan kika biyo ni,” ya ce da ita.

Ya koma gida ya ɗauko gwangwaninsa. Daga bakin hanya ya fara, layi bayan layi, yana barbaɗawa kamar mai zuba gishiri a miya. A tsakiyar gona garin maganin ya ƙare. Ya yi niyyar sayo wani, amma kafin ya samu shiga gari ruwa ya sauka, dole ya yi shuka.

Da damina ta yi nisa, gonar ta rabu biyu kamar rigar da aka haɗa da yadi iri biyu. A gefen hanya, inda ya kashe gara, ruwa kan kwanta a rami har rana ta shanye shi, dawar ta tsaya iya gwiwa, ganyenta rawaya. Can ciki kuwa ta yi baƙi-ƙirin, kullum tana ƙara tsawo. Tela ya kasa gane kan abin, ya aika wa malamar gona. Ta zo, ta tona gindin wata dawa ta nuna masa ƙananan hanyoyi da suka huda fakon suka yi ƙasa. Ta ce gara ce ta yi su. Taki ne ke kiranta, ita kuma ta buɗe wa ruwa ƙofa, ta ja abinci zuwa saiwa.

“Baba, ai ita ce lebura,” ta ce. “Kai naka rami ne kawai.”

Tela ya juya ya dubi dawar bakin hanya. Can ya tambaye ta ko ta san ya kori rabin leburorin. Ta ce ta gani tun daga kan babur.

Ranar awo yayan ya zo da hularsa, mai bulo yana biye. Suka tsaya a bakin hanya. Dawar wurin ko aljihun rigar yayan ba ta kai ba. Mai bulo ya fara duba inda tifa za ta juya. Tela ya ji tef ya yi masa nauyi a wuya. A nan uwarsu ta koya masa riƙon fartanya, kuma ya san in aka kwashe ƙasar, kududdufi ne zai rage.

“Yaya, ai ba a auna riga daga hannu ɗaya,” ya ce. “Mu ƙarasa ciki.”

Yayan ya yi gaba yana gunaguni cewa an sa shi yawo da tsufansa. Dawa ta kai masa ƙugu, ta kai kafaɗa. Da ya wuce inda garin magani ya ƙare, sai aka daina ganinsa gaba ɗaya, shi da hular. Suna jin muryarsa kawai daga cikin kara, yana tambayar ta ina ake fita. Matar Tela, wadda ta biyo su, ta ce a bar shi ya ɗan ƙara aunawa.

Da ya fito, yana kakkaɓe ganye daga wuya, mai bulo ya ce to rabin bakin hanya fa, ai shi bai kai ba. Yayan ya dubi rabin, ya dubi ƙanensa, ya ce wannan ba laifin ƙasa ba ne, laifin tela ne, kuma ba a sayar da gona don an haifi mai taurin kai a gida. Mai bulo ya tafi neman wani wuri.

Da rani ya dawo, maƙwabta suka ga Tela yana tura baro, a ciki ga gutsattsarin tsohon teburin yankan nan mai ƙafa uku. Ya bi ramukan bakin hanya yana saka guntu a kowanne, yana rufewa da taki. Matarsa ta tambaye shi me yake yi. Ya ce tun da daɗewa aka fara cin teburin, gara a zo a ƙarasa.