Tambayar da Kawu Bai Rubuta a Kwali Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran waya. A kan teburin shagonsa ya kife, madubin gyara na ɗaure a goshinsa, wayar wani na buɗe a gabansa. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Yau kwana ashirin ke nan, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro.

Kawu, ka san ni ba mai magana ba ce. A duk danginmu kai kaɗai ne ba ka taɓa fizge littafin soyayya daga hannuna ba. Ranar da Mama ta kama ni da guda ɗaya ɓoye cikin littafin lissafi, kai ka ce a ƙyale yarinya, dama mai karatu kake nema a shago. Idonka ya fara gajiya da ƙananan rubutu, sai na zama mai karanta maka duk Asabar, a kan benci, tsakanin kwalin batura da fankar nan da ba ta waiwaye. Ladana sabon littafi, kana miƙo shi kana tsokanata: "Uwar masoya, yau wa ya yi kuka, saurayin ko budurwar?"

Rahoton kamfanoni nake karanta maka. Ka taɓa ɗago wani ɗan baƙin abu da hantsaki, bai kai farcena ba, ka ce wannan ce ƙwaƙwalwar waya, daga yashi ake tace ta, kuma nan gaba mota da firji da injin asibiti duk sai da ita. Shekara shida kana tara hannun jari a kamfanoni uku masu ƙera ta. Maƙwabtanka na layin shaguna suna ce maka ɗan caca. Kai kuwa ka rubuta tambayoyi uku a bayan kwali ka manna a bango: Wa ke saye? Wa zai iya ƙwace musu kasuwa? Nan da shekara goma suna nan? Ka koya min cewa masana'anta ɗaya takan ci shekaru ana gininta, kuma in kowa ya gina a lokaci guda sai kaya su yi yawa, farashi ya faɗi, masu gajen haƙuri su gudu.

A ƙarshen Nuwamba likita ya ce zuciyarka na bukatar aiki, kada a wuce wata uku. Kuɗin aikin suna nan, amma cikin hannun jarin, su kuma a lokacin sun zube kusan rabi. Anti, matarka, ta yi roƙo, ta yi fushi, ta daina yi maka magana kwana biyu. Mama ta ce ka sayar ko da asara. Kai kana ta cewa wata shida kacal, sabuwar masana'anta za ta fara aiki, farashin jarin ya farfaɗo; in ka sayar yanzu, karatun tagwayenka ka sayar a wulaƙance.

Wata Asabar na gama karatu, ka ɗaga madubin ka dube ni.

"Uwar masoya, ke da kika ga ƙarshen labarai da yawa, wanda ya jira yana samu?"

Na ga leɓenka ya yi duhu. Na ji yadda kake hutawa tsakanin kalma da kalma. Amma da safen nan na rufe wani littafi da saurayin ya jira shekara bakwai aka ba shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Yana samu, Kawu." Ka yi dariya, ka ce to an gama.

Kowa na ce min kwana ne ya ƙare, na kuma yi imani da haka. Amma kalmar nan daga bakina ta fito, har yau ɗacinta bai bar harshena ba. Kuma ina fushi da kai, Allah Ya yafe min. Kai da ba ka sayen batir sai ka gwada shi sau biyu, ka ɗora ranka a kan amsar yarinya 'yar shekara sha shida. Ka san amsar da kake so, ka kuma san wadda ba za ta iya ce maka a'a ba.

Mako guda da rasuwarka farashin ya soma hawa. Lissafinka daidai ne, Kawu, kai ne babu. Masu ce maka ɗan caca sun zo gaisuwa suna yabon hangen nesanka. Ɗaya ma, bai ko gama shafa addu'a ba, ya miƙo min takarda wai in rubuta masa sunayen kamfanonin. Na miƙe na bar masa wurin.

Jiya Anti ta zo da wayarka, ta ce ni kaɗai na san kan abin, a sayar da hannun jarin ko a jira? Na dube ta da kyau. Na tambaye ta yaushe rabonta da asibiti. Ashe tun Nuwamba take raba ƙwayar hawan jininta biyu, tana tara maka canjin. Na ce a sayar da abin da zai isa likita da magani, yau ba gobe ba, sauran kuma a nemi masani, ba ni ba. Ta ce ko a ɗan ƙara mako ɗaya, tunda yana hawa. Na ce a'a, da ƙarfin da har tagwaye suka leƙo. Ita ce a'ar da na hana ka.

Na raka ta asibiti, daga can na biya shago na ciro kwalin. A ƙasan tambayoyinka uku na ƙara ta huɗu da birona: Mai jiran fa, zai kai?

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da Aljanna kan kowace wayar talaka da ka gyara kyauta. Allah Ya ba Anti lafiya da dangana, Ya raya tagwaye, Ya sanyaya zuciyar Mama. Ni kuma Ya yafe min amsar ranar Asabar.