Allon da muka sayo a Katako

Tun yanzu in faɗa, wawan labarin nan ni ne, kada mai karatu ya wahala yana nemansa a wani wuri.

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, ina falanto, wato masinja, a wani biro na gwamnati a unguwar Plateau ta babban birninmu, ina kai takardu daga wannan ƙofa zuwa waccan. Lakwal aji huɗu na yi, amma na iya cewa "wi, Mushe" da murya irin ta wanda ya gane Faransanci. Ɗakina yana unguwar Kalley, maƙwabtana duk Zabarmawa, ni kuwa Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba. Matata da yara suna Damagaram, kullum ina cewa sai na zauna da gindina zan aika su zo. Shekara uku ina cin tuwo ni kaɗai, ina kallon bango.

Sai ga taubashina, ɗan gwaggona, ya sauka da akwati cike da littattafai. Fizik yake karantawa a jami'a a Dakar. Ya faɗi jarrabawa, an ba shi dama ɗaya bayan damina, in ya sake faɗuwa karatun ya ƙare. Kunya ta hana shi zuwa gida, ya zo wurina. Na ce masa bawa dama ba ya da wurin gudu sai gidan ubangidansa.

Muka je kasuwar Katako muka sayo falle ɗaya na katako, ya shafe shi da baƙin fenti, ya jingina a bango. Kullum bayan la'asar, in na dawo, sai ya zaunar da ni a tabarma ya ɗauki alli. Ya ce abu ba ya zama a kansa sai ya yi wa wani bayani. Ya rataye dutse da zare a jikin azara, yana lilo, shi yana ƙirgawa da agogo. Wata rana ya ce haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma yana zuba kamar tsabar gero, duka biyun gaskiya ne. Na ce a garinmu mai hali biyu munafuki muke ce masa. Ya yi dariya har alli ya faɗi. Ban fahimci komai ba a wata ukun nan, amma a kwano ɗaya muke ci, kuma in na yi tari akwai mai cewa sannu.

Da ruwa ya fara ɗaukewa, sai na kama kaina ina duban allon nan da haushi. Na fara tunanin cewa in ya faɗi, ai ba mutuwa ba ce. Ban gaya masa ba, na je na durƙusa gaban shef ɗinmu na biro, na ce ina da ɗan'uwa mai ilimi kamar kogi. Lokacin ana neman masu karatu ido rufe, nan take ya ce ya zo ranar Litinin, akwai kujera.

Na dawo da tsire a takarda, na zauna, na gyara murya. Na yi wa taubashin nawa wa'azi mai tsawo: ƙasa sabuwa tana bukatar ƴaƴanta yau, dutse mai lilo bai taɓa ciyar da kowa ba, Dakar nisa, ga ɗaki, ga kujera. Har na kawo maganar kishin ƙasa, ni da ban taɓa kishin komai ba sai inuwar bakin biro.

Ya saurara har na gama. Ya kakkaɓe allin hannunsa, ya dube ni.

"Ubangida," ya ce, "in abokin cin tuwo kake nema, ka aika Damagaram a kawo maka matarka. Ni saura kwana tara in tafi, matsa, ka tare mini allo."