Ruwan Da Na Zuba A Jarkar Yayana

Shekarata goma sha tara lokacin da abin ya faru, na gama sakandare ina zaman jiran jarrabawar da yaƙi ya yi ta ɗagawa. A Gadarif aka haife ni, a unguwar da kakanninmu suka sauka tun suna da shanu, yanzu kuwa sai ƙwadagon gona da ƙananan sana'o'i. Mu huɗu ne a gida: Baba, Inna, yayana da ni. Ni ce mai ilimin gidan, ko in ce haka nake ɗaukar kaina. Ɓangaren kimiyya na karanta, shi ya sa Yaya yake tsokanata da daktora, ko tuntuɓe ya yi sai ya ce a kira masa daktora ta duba shi. Ina jin daɗin sunan fiye da yadda nake nunawa. Ba zan faɗi sunan kowa ba a wannan wasiƙa, don waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma ɗaya daga cikinsu har yau bai san gaskiyar ba.

Yaya raksha yake ja, wato keke mai ƙafa uku na haya, kuma rakshar nan ita ce rabin abincin gidanmu. Da kuɗin banzin, wato man fetur, ya fara tashi, gidan ne gaba ɗaya ya canza. Kuɗin da ya sayi galan da shi wannan makon ba ya sayensa mako mai zuwa, in an samu ke nan. Sai ya wuni a layin gidan mai, yana zuwa kusa da famfo a ce ya ƙare, ya dawo ya saya a bakin titi wurin masu sayarwa a robobi. Da la'asar abokansa direbobi sukan taru gindin dogon yaron ƙofarmu, ni nake kai musu jabana, wato gahawa, ina jin hirarsu. Wani ya ce banzin ya zama turare, nan gaba ranar Juma'a kaɗai za a riƙa shafa shi. Wani ya ce shi yanzu in ya hango gangara kashe injin yake yi, har fasinja su fara salati. Su yi ta dariya, amma dariyar ba ta daɗewa. Na taɓa jin Yaya yana cewa shi ba layin ne yake ci masa rai ba, abin da ke ci masa rai shi ne tsohuwar da ta san ranar sunansa ta kalle shi ta ce masa ɓarawo don ya ƙara kuɗin mota. Ya ce direba ya zama jakin da ake duka ta gaba ana duka ta baya, mai mai ya dake shi, fasinja ya dake shi, ya dawo gida kuma tukunya na kallonsa.

Duk da wannan hali, akwai wata ƙaramar jarka ruwan ɗorawa da ya cika da banzin ya binne rabinta a bayan ɗaki, ya kifa mata tsohon kwano saboda rana. Ya tara mu ya ce wannan ba ta sana'a ba ce, ta ranar larura ce, ranar da wani zai kwanta ko wata maƙwabciya za ta haihu a rasa abin kai ta asibiti. Na ga ranar da ya yi kwana biyu bai fita aiki ba don rashin mai, Inna ta ce ya taɓa jarkar mana, ya ce Inna ki yi haƙuri, yunwar kwana biyu ba ta kisa. Lokaci-lokaci yakan buɗe ta ya leƙa, ya shaƙa, ya mayar da murfin.

A lokacin akwai wani saurayi da ke zuwa wurina zance. 'Yan Jazira ne, yaƙi ya koro su, suka sauka can ɗaya ƙarshen gari, yana ɗaukar mutane a babur yana ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Da farko sau biyu yake zuwa a mako, sai ya koma sau ɗaya, sai na yi kwana goma sha ban gan shi ba. Da na yi masa ƙorafi ya ce ba sona ne ya ragu ba, duk zuwan da zai yi wurina burodin gidansu na yini guda yake ƙonawa a hanya. Ya ƙara da wasa cewa yanzu soyayya ma da lita ake auna ta. Ni ban ji abin a matsayin wasa ba. Wata ƙawata kuma ta ƙara mini gishiri, ta ce ai akwai wata yarinya katanga ɗaya da gidansu, ita zuwa wurinta ba ya cin ko ɗigo. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji.

Ranar da na fara, Yaya ya fita, Inna tana gidan suna. Na ɗauki robar ruwan sha na tsiyayi banzin na cika ta. Da na leƙa jarkar na ga ta sauka, sai na san zai lura. A nan ne karatun da nake taƙama da shi ya kawo mini shawara. Na tuna an koya mana cewa mai ba ya haɗuwa da ruwa, sama yake tasowa, ruwan ya kwanta a ƙasa. Ke nan in na cike gurbin da ruwa, duk wanda ya leƙa banzin zai gani, banzin zai shaƙa. Na ɗebo ruwa a randa na zuba. Wallahi a lokacin har wani daɗi na ji, wai na yi dabara. Na ba saurayin na ce Yaya ne ya ce a ba shi, amma kada ya yi masa godiya don ba ya son a tayar da maganar. Ya yi ta sa masa albarka. Sau huɗu na yi haka cikin wata biyu, kullum ina ce wa kaina zan mayar kafin a sani, in farashi ya sauko. Farashi bai sauko ba. Yaya kuma ya ci gaba da leƙa jarkarsa yana rufewa hankali kwance, wani lokaci ina tsaye ina shanya ina kallonsa.

Da kaka ta yi, Baba ya tafi yankan riɗi a wata babbar gona kan hanyar Simsim, kamar yadda ya saba duk shekara. Wata ranar Talata da hantsi aka kira Yaya a waya, wani abokin aikin Baba ne, ya ce maciji ya sari tsoho a ƙafa, kasa ce, tana kwance ƙarƙashin dammunan riɗin da aka jingina su bushe. Ya ce motar mai gonar ba ta nan, ta tafi neman mai tun jiya. Yaya ya shigo a guje ya tono jarkar ya jefa bayan raksha. Inna ta ce in bi shi, ni na yi karatu, ni zan san yadda zan riƙe Baba. Na shiga. Jarkar tana tsakanin ƙafafuna duk tsawon hanyar, ina jin motsin abin da ke cikinta.

Man da ke tanki ya kai mu gonar da ƙyar. Mun sami Baba kwance a inuwar buhuna, ƙafar ta kumbura har gwiwa, amma yana magana, har yana yi wa Yaya faɗa wai don me aka ɗauko yarinya cikin wannan rana. Aka ɗora shi a kujerar baya, na ɗora kansa a cinyata. Sai Yaya ya buɗe tanki ya ɗaga jarkar. Wannan shi ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya tare da ni. Ina ganinsa. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Da na ce Yaya dakata, kada ka juye duka, akwai ruwa a ƙasa, da ya tsiyaye na saman kawai, ko bai kai mu gida ba da ya kai mu bakin kwalta inda ake samun motoci. Bakina ya buɗe. Amma ga Baba a cinyata, ga ma'aikata sun kewaye mu, ta yaya zan ce na saci man yayana na ba saurayi? Sai na ce a raina wataƙila ruwan ba shi da yawa, wataƙila injin zai haƙura. Na yi shiru. Ya kifa jarkar har ɗigon ƙarshe, yana cewa alhamdu lillahi da bai taɓa ta ba.

Ba mu yi nisa ba injin ya fara tari, ya fizga sau biyu, ya mutu. Babu gida, babu bishiya, sai baƙar ƙasa da ta tsage da karan dawa iya ganinka. Yaya ya yi ta jan injin har zufa ta jiƙa masa riga. Daga baya ya durƙusa ya cire wata 'yar tiyo a ƙasa ya tara tafin hannunsa, ya duba, ya ɗago. Ya ce ruwa ne. Ya fara tsine wa dattijon da ya sayar masa da man, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da shi, in wani abu ya sami Baba sai ya ƙone masa teburi. Baba ya buɗe ido ya ce masa ya bar zagi, ya yi aikin da ke gabansa. Ba shi da kayan aiki sai wuƙa da filaya, da su ya zubar da ruwan, ya tace abin da ya rage da hularsa, ya busa, ya goge. Ya ɗauki lokacin da ban san tsawonsa ba, na dai ga inuwar rakshar ta juya. Da injin ya tashi, ɗan man da aka ceto bai kai mu ko'ina ba ya ƙare. Hanyar da a da motoci ba sa yankewa a kanta lokacin kaka, ranar ko ɗaya ba ta wuce ba. Wani mai amalanken jaki ne ya ɗauke mu zuwa kwalta, Yaya yana gudu a gefe yana riƙe da ƙafar Baba don kada ta bugu. Lokacin Baba ya daina magana, ƙafar ta yi baƙi ta fara ƙuraje masu ruwa. Sai dab da magariba muka shiga asibiti.

Likitan ya tambayi ƙarfe nawa aka sare shi, da aka faɗa masa sai ya dube mu ya ce ina muka tsaya. Baba ya rayu. Amma bayan kwana shida suka ce naman ya mutu, suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya a ɓoye ko da mun zo da wuri da an ceci ƙafar, ta ce wannan sai Allah, wani ana kawo shi da wuri a yanke, wani a makare ya tashi. Na so ta ce mini e ko a'a. Ba ta ce ba, kuma babu wanda zai taɓa ce mini.

Washegarin yankan, Yaya ya tara abokansa direbobi a ƙofar gida za su je wurin mai sayar da man. Dattijo ne shi ma da ya gudo daga Madani, an ce malamin makaranta ne a da, yanzu teburin robobin nan shi ne duk abin da ya mallaka. Na ji suna cewa za su zubar masa da kaya su kai shi wurin 'yan sanda, kuma babu direban da zai sake saye a hannunsa. A nan ne na kasa. Na kira Yaya bayan ɗaki na faɗa masa komai, har saurayin, har shirun da na yi a gona. Na zaci zai mare ni, na ma so ya mare ni. Bai yi ba. Sai ya tambaye ni abu ɗaya, ya ce lokacin da yake juyewa ina kallo? Na ce e. Ya gyaɗa kai, ya fita ya ce wa abokansa ya gano tankinsa ne ya sha ruwan sama, a bar dattijo. Tun ranar yana gaishe ni ina gaishe shi, yana kawo cefane ina karɓa, shi ke nan. Saurayin kuwa da na faɗa masa ya yi kuka, ya ce da ya sani da ƙafa zai riƙa zuwa. Ni na ce ya daina zuwa, don ba na iya jin ƙarar babur ɗinsa.

Ina rubuta wannan ne don 'yan uwana mata, da duk wanda tsadar nan ta sa yake taɓa abin da ba nasa ba yana cewa zai mayar. Abin da wani ya ajiye don ranar larura, ba ka san ran wa aka ajiye a ciki ba. Kuma satar ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Satar kuskure ce ta yarinya mai tsoron a rabu da ita. Abin da ya hana ni sukuni shi ne an ba ni dama in gyara da 'yan kalmomi, na zaɓi mutuncina. In kunya ta riƙe muku baki a irin wannan lokaci, ku sani kunyar minti ɗaya ce, shirun kuwa ba a gama biyansa.

Baba yana gida yanzu. Yaya ya ce shi ba zai faɗa masa ba, kuma ba zai hana ni ba, nauyin nawa ne. Ni nake wanke masa dungun kowace safiya in naɗe shi. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya nuna ni ya ce wannan yarinyar ce ta riƙe kansa tun daga gona har asibiti ba ta sake shi ba, ya ce su taya shi sa mini albarka. Su ɗaga hannu su yi ta addu'a. Ni ma in ɗaga nawa in ce amin.