Ranar da Kawu Ishaya Ya Sace Ƙofar Coci

Fasto ya ce in yi minti biyar a kan marigayi. Fasto, ka yi haƙuri, kai baƙo ne a Daura, tsufan Kawu Ishaya kawai ka tarar. Minti biyar ko gaisuwarsa ba za su ɗauka ba. Ga waɗanda suka zo daga nesa, ni ce Rifkatu, 'yar ƙanwarsa. A hannunsa na tashi, kuma har yau ban gama farfaɗowa ba.

Duk wanda Kawu ya taɓa shiga ɗakinsa ya faɗa mini gaskiya: ya taɓa gaishe ka kafin ya buɗe taga? Zai yi sallama, ya wuce ka kamar turmi, ya yaye labule, ya bankaɗa taga, sannan ya juyo ya ce, "Yauwa! Yanzu na ga da wa nake magana. Ina kwana?" Ko maijego ce, ko mai zazzaɓi yana rawar sanyi, babu ruwansa. In ka yi ƙorafi sai ya zare maka ido.

"Haske Allah ya fara yi, kafin rana, kafin wata, kafin kakanka Adamu. Kai wane ne da za ka bar babban wa tsaye a waje?"

Ga shi kafinta. Mutum mai irin wannan ra'ayi, kuma an bar shi da guduma da zarto. Ai dole a sha kallo.

Ni na fara shan nawa. Kwanana uku da aure a Baure, Kawu ya zo ganin ɗaki. Baban Talatu, maigidana, kada ka sunkuyar da kai, kai ka gina ɗakin nan! Sabon yaɓe, ya yi kyau, amma babu taga, sai wata 'yar kafa can sama wadda ko ƙadangare sai ya rage tumbi kafin ya wuce. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Rifkatu, kina ciki?"

Na ce, "Ga ni a gabanka, Kawu."

"Muryarki dai nake ji. Aure aka kawo ki ko ajiya?"

Ko ruwa bai sha ba ya fita. Na ce shi ke nan, ya yi fushi. Can sai na ji dum! dum! a bayan ɗaki. Kwanukan jerena suka fara zubowa. Kafin in yi ihu, sai ga bakin dagi ya ɓullo ta bango, daidai saman gadona! Ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, ga rami kamar faifai, ga fuskar Kawu a ciki yana murmushi. Abin da bai duba ba shi ne, bayan bangon nan turken jakin maƙwabta ne. Yana janye kansa, jaki ya zuro nasa, ya kama gefen sabon labulena ya hau tauna.

Surukata ta shigo tana tafa hannu. Ni kuwa kuka nake. "Kawu, ka kashe ni! Jaki a ɗakin amarya!"

Ya karkaɗe hularsa ya ce, "To sai me? Shi wanda ya ce shi ne hasken duniya, a ina aka haife shi? Ba a gaban irin waɗannan ba?"

Jama'a, me za ka ce wa wannan mutum?

Amma duk wannan wasan yara ne a kan abin da ya yi mana shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Manya kun tuna lokacin. Labarin rikicin Kaduna ya iso. 'Yan'uwanmu baƙi da yawa suka ɗaure kaya suka koma garuruwansu. Mu kuwa ina za mu? Nan aka binne cibiyarmu. Gaskiya babu wanda ya taɓa mu a Daura, ko kallon banza ban ce an yi mini ba, amma tsoro ba ya jiran a taɓa ka. Dattawan ikilisiya suka zauna suka yanke shawara: ranar Lahadi a rufe ƙofa, a rufe tagogi, a ajiye ganga, a yi waƙa ƙasa-ƙasa.

Kawu ya miƙe ya ce, "A wane shafi kuka karanta cewa a kunna fitila a kife mata masaki?"

Aka ce ya zauna, zamani ne ya zo da haka. Ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To."

Da matarsa, Inna Saratu, ta ji labari, sai ta dafe ƙirji. Ta ce, "Kun shiga uku. In Ishaya yana gardama, ku kwanta ku yi barci. In ya ce 'To', ku tashi tsaye."

Lahadi biyu muka yi a rufe, muna gumi kamar dambu a madambaci. Ta uku muka iso da safe, sai muka tsaya cak. Coci babu ƙofa! Tagogi shida, babu murfi ko ɗaya! Ginin ya wangame baki kamar tsoho marar haƙora. Mata suka fashe da kuka, aka ce shi ke nan, abin da ake gudu ya zo. Sakatarenmu, Malam Bitrus, ko ciki bai leƙa ba, ya hau keke sai gidan mai unguwa. Da ya leƙa, da ya ga Kawu zaune a bencin gaba, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya buɗe Littafi yana cewa, "Kai, yau kam ana ganin rubutu." Mu da muka gan shi, tsabar ruɗewa, babu wanda ya yi tunanin tambayarsa.

Mai unguwa kuwa ransa ya ɓaci ƙwarai. A unguwarsa, a irin wannan lokaci? Ya tashi samari ya ce a bincika gida-gida. Nan da nan wani ya ce jiya da azahar ya ga amalanke ɗauke da katako ta tsaya a ƙofar Malam Haruna baduku. Wanda bai san shi ba, Malam Haruna musulmi ne, abokin Kawu tun suna kiwon awaki, kullum da la'asar suna dara suna zagin juna. Aka shiga zaurensa, aka ɗaga tabarma, ga ƙofar coci, ga murafen tagogi shida a jere. A kwanakin nan kuwa, ko a bakin rijiya ba a hirar komai sai ta yanke hannun ɓarawo.

Muna cikin waƙa ta biyu sai ga matar Malam Haruna, Iya Abu, mayafi a hannu, ta tsaya inda ƙofa take a da, ta kwarma ihu: "Ishaya! Fito! Za a yanke wa abokinka hannu saboda kai!"

Ban taɓa ganin ɗan shekara saba'in ya yi irin gudun nan ba. Takalminsa ɗaya a coci ya kwana. Mu ma muka ɗunguma bayansa, maza da mata, har da 'yan zumuntar mata da ɗankwalayensu iri ɗaya. Mu da muka yi watanni muna raɓe-raɓe a gefen hanya, sai ga mu mun cika titi da tsakar rana!

A ƙofar mai unguwa an yi cincirindo. Ƙofarmu na jingine da bango, Malam Haruna na zaune a ƙasa. Daga baya muka ji an tambaye shi ya fi sau goma wa ya kawo masa kayan, ya ce amana aka ba shi, ba zai faɗa ba. Ku ji fa. Hannunsa ake magana, shi yana maganar amana.

Kawu ya kutsa yana haki, ya zube. "Ranka ya daɗe, ga ɓarawon ya kawo kansa."

Mai unguwa ya ce, "Ishaya, kai ka saci ƙofar cocinku?"

"Ban sata ba, ranka ya daɗe, ai ni na yi ta. Hutu na ba ta."

"Saboda me?"

"Saboda a Littafinmu an ce mai mugun aiki ne yake ƙin haske, don kada a ga abin da yake yi. To mu me muke yi? Mun kulle kanmu muna raɗa, maƙwabta suna wucewa suna cewa, me waɗannan suke ƙullawa a ciki? Mu muna tsoronsu, su suna zarginmu, duk a kan katako. Na ce gara kowa ya leƙo ya gani: tsofaffi ne da mata da yara, da ganga ɗaya, ita ma a fashe."

Mai unguwa ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu ya nutsu sai ya ce, "Tagogi dai naku ne, ku yi yadda kuka so. Amma ƙofa a mayar yau ɗin nan, saboda awaki ba su san coci ba, ba su san masallaci ba."

Malam Haruna ya tashi yana karkaɗe riga. "Ishaya, wallahi da an yanke hannun nan, naka za ka ciro ka ba ni in riƙa ɗinki."

Kawu ya ce, "Wane kai! Wannan hannun kafinta ne, ba ya ƙananan ayyuka."

Lahadin da ta biyo muka yi waƙa da ƙarfinmu, tagogi a buɗe. Da muka fito, wata tsohuwa mai ƙosai a tsallaken hanya ta ce mini, "'Yar nan, ashe abin da kuke ɓoyewa ke nan? Ai waƙar taku ma ba ta da daɗi."

Kada ku ɗauka maƙwabta kawai yake ba mamaki. Kun tuna saurayin mai wa'azin nan da aka gayyato mana daga nesa, mai ƙyalle biyu? Ya ɗaga fari ya ce wannan mu ne, 'ya'yan haske. Ya ɗaga baƙi, ya nuna cikin gari da shi, ya ce waɗancan suna zaune cikin duhu. Sai na ga hannun Kawu ya tashi sama. Na ce a raina, ya Ubangiji, ka buɗe ƙasa in shige.

"Ɗana, ɗan dakata. Da farko dai, dube ni da kyau. Ni da ƙyallen nan wa ya fi baƙi?"

Aka fara ƙunshe dariya.

"Na biyu, can inda kake nunawa, akwai mutumin da ya yarda a yanke masa hannu don kada ya tona ni. Kai kuma ka karanta inda aka ce, wanda ya ce yana cikin haske amma yana ƙin ɗan'uwansa, har yanzu a duhu yake? Duhun da ake faɗa, ba a unguwa yake ba, ɗana. A nan yake." Ya buga ƙirjinsa.

Bawan Allah nan gumi ya karyo masa. Ya rasa abin yi, sai ya goge fuska da baƙin ƙyallen. Kawu ya ce, "Ka gani? Har ya yi maka rana."

To, sai ga shi wannan mutum ne Allah ya jarraba da yanar ido. Shekara huɗu ba ya gani. Aka yi aka yi ya je a yi masa aiki, ya ce wanda ya ba shi aro ya karɓi abinsa. Sai da Inna Saratu ta yi masa dabara, ta ce bikin suna za mu Katsina. Bai farga ba sai da ya ji warin magani. Washegari ina tsaye likita ya kwance masa bandeji. Ya ƙyafta, ya ƙyafta, ya tsura wa Inna ido. Inna har ta fara hawaye.

Ya ce, "Saratu? Wa ya tsofar da ke haka?"

Inna ta juya ta ce, "Likita, don girman Allah ina yanar nan? Mayar masa da abarsa!"

A mota muna dawowa yana ta kallon gonaki, gero ya fitar da kai. Can ya kama hannuna ya ce, "Rifkatu, duk rayuwata na ɗauka duhu gidan Shaiɗan ne shi kaɗai. Da na shiga, na zaci ni kaɗai zan zauna. Sai na tarar Ubangiji ya riga ni isa. Ashe shi ya sa aka ce a wurinsa dare da rana duk ɗaya ne. Musa ma a cikin baƙin girgije ya same shi. Na sha karantawa, ban gane ba sai da na daina gani."

Shekara biyu ya ƙara da idonsa. Ya ga jikokinsa, ya ga damina biyu, ya koma cin Malam Haruna a dara. Bara war haka, ranar wata Talata da hantsi, ya ce wa Inna zai ɗan kishingiɗa, bai tashi ba.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaya. Ka san shi fiye da mu, ka san taurin kansa, ka kuma san bai taɓa kwana da ƙin kowa a zuciyarsa ba. Ka gafarta masa, ka karɓe shi a garin nan da ka alkawarta, inda ba a bukatar rana ko fitila domin kai kanka kana nan. Ka riƙe Inna Saratu, ka riƙe Malam Haruna da ya rasa abokin faɗa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta yi duhu, ka sa mu tarar da kai a ciki. Amin.