Likkafani a jakar Baba

Ina lalube a jakar Baba in ciro iƙamarsa, wato katin izinin zama, a bakin tagar asibiti, sai hannuna ya taɓo farin yadi a naɗe cikin leda. Likkafani ne, wanda ya wanko da zamzam tun umararsa ta bara.

Hoton huhu fa kawai muka zo, wanda suke kira PET. Baba tela ne a unguwar Bani Malik, nan ƙasa mai tsarki, tari da haki suka sa shi gaba. Likita ya ce kumburi ne a huhu, ba ciwon daji ba. Hoton don a ga inda kumburin yake ci har yanzu ne, a san ko a ƙara magani ko a rage.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Bai kalle ni ba. "Rabi, ni ba yaro ba ne. A wannan na'urar aka sa aminina Isa. Kullum ce masa muke da sauƙi, har muka kai shi makwancinsa. Da ni aka ɓoye masa cewa ciwon daji ne."

Na ja hannunsa har gaban likita, na ce don Allah ya faɗa masa da bakinsa. Likita ya dafa kafaɗarsa: "Wallahi ya ammi, ma fi saraɗan." Wato wallahi baffa, babu ciwon daji.

Baba ya daɗe yana kallon idonsa, sannan ya miƙo min jakar. "Halas, shi ke nan. Mai da likkafanin gida."

Mun saba ɓoye wa manya ciwo don tausayi, yau ga shi mun faɗi gaskiya sai da aka haɗa da rantsuwa. Ku a gidanku, faɗa ake yi ko ɓoyewa?