Ciyawa a Cikin Irin Albasa

Shekarar da nake ƙarin karatu ina kuma koyarwa a wata sakandare a Wurno, aka ba ni aikin gwada wata jarrabawa da aka ce tana auna yadda ɗalibi ke tunani. Takarda ce cike da zane mai sarƙaƙiya, ana son yaro ya zaƙulo ƙaramar siffar da aka ɓoye a ciki. Shugaban makarantarmu na jin labari ya ce da sakamakonta za a zaɓi 'yan ajin kimiyya.

Na ba yara, bayan mako uku na maimaita. Sakamako ya fito kusan iri ɗaya, har na fara ɗaukar kaina wani masani. Sai dai wani ɗalibina ɗan ƙauyen Kwargaba, wanda ba shi da buri sai aikin asibiti, sau biyu yana zuwa na ƙarshe. Abin ya tsaya mini a rai, don a lissafi da wuya in yi masa gyara. Da na sake duba waɗanda suka zo sama, kusan duk 'yan cikin gari ne masu ɗinkin hula. Zanen takardata kuwa ba shi da maraba da na hula.

Ran Asabar na hau babur, na same shi a fadama da babansa suna cire ciyawa daga irin albasa. Dattijon ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, duƙa ka hidda muna haki guda cikin wanga iri."

Na duƙa ina neman hakin, wato ciyawa. Komai kore, komai siriri. Na cafko ɗaya da ƙarfin gwiwa, ashe albasa ce. Na sake, albasa. Yaron kuwa sai tsame ciyawa yake ba ko kuskure, yana danne dariya.

"To Malam, kai wane aji za mu kai ka?" in ji dattijon.

Na ji kunya ƙwarai, amma na samu abin da na je nema. Mudun da ya lotsa, ko sau goma aka auna da shi abu ɗaya zai bayar, kuma duk ba daidai ba.

Ran Litinin na ce wa shugaba ba zan ba da jerin sunayen ba. Ya yi ta faɗa, na ƙi motsi. Yaron ya shiga ajin kimiyya da makinsa na lissafi. Ni kuwa har yau idan na je Kwargaba, babansa zai ba ni tabarma da fura, amma ba ya bari in taɓa masa iri.