Ja da Baƙi ne, Baba?

Clara Choji ba likita ba ce, kuma ba ta yarda a kira ta haka. Jini take ɗiba a wani asibiti a Manchester, shekara goma sha bakwai ke nan tun zuwanta daga Bukuru. Kullum takan hau bas daga Withington da kular abincinta a cinya, ta wuni tana lalubar jijiya a hannun mutane. Hannunta ba nauyi. Tsofaffi kan ce sai ta gama suke sanin ta fara.

Cikin kayan aikinta akwai wasu kwalabe da take ji da su. A ciki ake zuba jinin mai zazzaɓi a ajiye wuri mai ɗumi, in akwai ƙwayar cuta ta hayayyafa har a gane ta. Amma in mutum ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyin, sai su laɓe. Akwai 'yan tsakuwoyi a gindin kwalbar masu tsotse maganin, sai dai ba kullum suke cin ƙarfinsa ba.

Wani dattijo, Malam Gimba, ya zo daga Aston ganin 'yarsa Su'ad a Hulme, zazzaɓi ya kwantar da shi. Sau biyu aka ɗibi jininsa, kwalabe shiru. Likitoci na zargin cutar ta sauka a zuciya, amma ba su san wace ƙwaya ce ba, balle su zaɓi maganinta. Ranar da Clara ta zo ɗiba na uku, likita ya sake tambaya ko ya sha wani abu. Su'ad, mai aiki a kemis, ita ta amsa.

"Nothing, doctor. Duk tarkacen da ya kawo daga gida na zubar tun bara."

Malam Gimba ya ɗaga kai yana kallon silin. Clara ta lura. Da likita ya wuce, ta roƙi Su'ad ta samo wa babanta shayi.

Ba ta tambaye shi ko ya sha magani ba. Ta san mutanenta. Tana ɗaure masa dantse ta ce, "Ja da baƙi ne, Baba, ko ja da rawaya?"

"Na'am?"

"Kafson. Babana ja da rawaya yake sha, ko mura ce."

Ya dubi ƙofa. "Ja da baƙi. Ai shi ne mai ƙarfi."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Bayan asuba."

"Yau? A kan gadon nan?"

"To, baiwar Allah, su ba su ba ni komai ba. In zauna haka?"

Ya zaro ƙullin leda daga cikin safarsa, saura huɗu. Clara ta karɓa kamar an ba ta goro.

"Yarinyar nan za ta ji?"

"Likita zan gaya wa, Baba, wannan dole ne. Ita kuwa 'yarka ce, ba tawa ba."

Su'ad ta dawo da kofi a hannu. Ya daɗe yana hura shayin da bai da zafi, sannan ya gaya mata, idonsa a cikin kofin.

"Baba! A safa?"

"Ai ko'ina kina dubawa."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta zauna a bakin gadon ta riƙe ƙafarsa.

Likitoci suka dakata 'yan kwanaki yana ƙarƙashin kulawarsu, babu kafso, don maganin kashe ƙwayoyin ya fita daga jininsa, sannan Clara ta sake ɗiba. Washegari da hantsi ƙwayar ta bayyana a kwalba, aka gane ta, aka rataya masa maganin da ya dace da ita. Mako shida ya yi yana karɓa ta jijiya. Kafin na biyu ya cika ya fara ƙorafin abincin asibiti ba yaji.